Taƙaitawa: shawarwari kan sayen zanen sarakunan Indiya

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan yadda za a sayi zanen sarakunan Indiya ta yi tsawo, ga abin da na tattaro.

1. An yi ittifaƙi a fara da horar da ido. Zanen daular Mughal daga zamanin Sarki Jahangir (1605–1627) yakan nuna sarki ta gefen fuska, da da'irar haske kewaye da kai. Na masarautun Rajput, kamar Mewar da Kota, launinsa ya fi ƙarfi, sarki na bisa doki ko wurin farauta.

2. A duba takardar. Ta gargajiya, wasli, takardu ne da aka manna aka goge har suka yi santsi. Burushin na gashin kurege ne, shi ya sa ake ganin gashin gemu ɗaya-ɗaya. Nan ne gwanintar take, kuma a ganina nan ya kamata a fi tsayawa.

3. Akasarin na kasuwannin Jaipur da Udaipur sababbin kwafi ne. Dokar Indiya ta 1972 ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100 daga ƙasar, don haka duk wanda ya ce zai aiko maka da tsohon asali, ka yi hattara.

4. Zanen da aka yi a kan hauren giwa, kowa ya ce a guje shi.

5. A nisanta zanen da rana da danshi.

Inda aka rabu: wasu na ganin sayen kwafi asara ce, wasu suka ce da shi masu zanen yau suke ci, sana'ar ta ɗore. An kuma saɓa kan ayyukan mai zanen Indiya Raja Ravi Varma na fentin mai, ko gargajiya ne ko salon Turawa.