Yaya Tu Youyou ta ciro maganin maleriya daga ganye?

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ana cewa wata 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, ita ta gano atimisinin ɗin da ke cikin magungunan zazzaɓin cizon sauro. Ganyen ai tun da can ana sha. To me ta yi da ya kai ta ga kyautar Nobel a 2015?

Malamin Sinadarai:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ilimin harhaɗa magunguna ta karanta a Beijing, ta gama a 1955, ba ta da digirin digirgir. A 1969 aka ɗora mata wani rukuni na aikin sirri mai lamba 523 na neman maganin maleriya. Sun gwada ɗaruruwan tsirrai a jikin ɓeraye, har da qinghao, ɗan uwan tazargade. Yau ya yi aiki, gobe ya ƙi.

Ashe zafi ne ke kashe maganin. Tafasa suke yi da ruwa ko etanol, wato sinadarin barasa, shi kuwa etanol sai digiri 78 yake tafasa. Sai ta ga a rubutun likita Ge Hong na ƙarni na 4 an ce a jiƙa ganyen a matse a sha, ba maganar dafawa. Ta koma sinadarin eta, mai tafasa a wajen digiri 35, ta kuma wanke ɓangaren mai tsami ta zubar, don guba ce babu amfani. A Oktoba 1971 samfuri na 191 ya kashe ƙwayoyin cutar kaf a jikin ɓerayen. A 1972 ita da abokan aikinta suka fara sha kafin a ba majinyata a tsibirin Hainan na ƙasar Sin.

Hajiyar Famasi:
Ƙari kan bayanin Malam: ƙarfin maganin yana wata gada ta iskar oksijin biyu a cikin ginin sinadarin. Ƙwayar cutar na cin jini, ƙarfen jinin ya karya gadar, abin da ya fito ya hallaka ta. Amma jiki na saurin fitar da shi, shi ya sa ake haɗa shi da lumefantirin, wani maganin maleriya mai daɗewa a jiki, kamar a Coartem: sau 6 cikin kwana 3, da madara ko abinci mai maiƙo.

Ɗan Lambu:
Kada dai wani ya ji haka ya koma shan jiƙon ganye. Yawan sinadarin yana bin iri, ƙasa da lokacin girbi, ganye ya fi shi dab da fure, kuma ba ya narkewa sosai a ruwa. Shan abin da bai kai ba yana ba cutar damar sabawa da magani, an riga an ga alamun haka a Ruwanda da Yuganda.