Allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro: me ya kawo masana zamantakewa cikin binciken likitoci?

Ɗalibar Kiwon Lafiya:
Assalamu alaikum. Ina nazarin allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta R21 wadda Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta amince da ita a watan Oktoban 2023. Na lura ana yawan haɗa masana zamantakewa da na tarihi a irin wannan bincike. Tunda gwaji ya tabbatar allurar tana aiki, mene ne kuma nasu a ciki?

Likitan Yara:
Wa'alaikumus salam, Malama. Gwajin da aka yi wa yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya ya nuna cewa a yankunan da zazzaɓin ke zuwa da damina, allurar ta rage kamuwa da shi da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Sai dai a wurin gwaji ma'aikata ne ke bin yaro har gida. A Najeriya, inda aka fara bayarwa a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, allura huɗu ake yi: yaro yana wata biyar da haihuwa, da shida, da bakwai, sannan ta ƙarshe a wata goma sha biyar. Uwar da ta goyo yaro sau uku, ta biya kuɗin mashin, ta yini a layi, me zai sa ta dawo bayan wata takwas alhali yaron yana wasansa lafiya lau? Ɗakin gwaji ba ya amsa wannan tambaya.

Malamin Tarihi:
Dakta ya yi bayani, amma ni a ganina matsalar ta girmi kuɗin mashin. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi ba a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya ƙarfafa ƙauracewa allurar shan-inna a 2003, har sai da aka kawo wadda aka sarrafa a Indunusiya aka ci gaba a 2004. Wanda bai san wannan tarihi ba zai ɗauka jahilci ne ke hana maigida yarda, sai ya tura masa mai wayar da kai, alhali abin da yake nema shi ne mai unguwa ko limamin da ya amince da shi.

Ɗalibar Kiwon Lafiya:
Na gode, Malam. To, ashe ke nan a aikace amfanin allurar zai gaza abin da aka wallafa?

Likitan Yara:
Yana iya gazawa, amma ba ƙarami ba ne. Bayan fara ba da RTS,S, wata allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ta riga R21 fitowa, a Ghana da Kenya da Malawi a 2019, mutuwar yaran da suka isa karɓarta ta ragu da kashi 13 cikin ɗari, duk da cewa ba kowane yaro ne ya kammala huɗun ba. Abin da nake tsoro shi ne iyaye su naɗe gidan sauro don an yi wa yaro allura, kuma wannan ma sai an shiga gidaje an tambaya kafin a sani.