Neman kalma: me za mu kira "scheduler" na turken sadarwa?

Hadiza: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin kimiyya a kan abin da ke sa data ta riƙa jan ƙafa a wuri mai cunkoso alhali sabis a cike yake. Baƙon namu ba ya rabuwa da "scheduler" da "resource allocation". Na rubuta "mai tsara jadawali" da "rabon albarkatu", amma kunnena bai yarda da su ba. Don Allah a taimaka kafin daren Laraba.

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam. Kunnenki ya yi gaskiya. Jadawali tun da wuri ake tsara shi, kowa ya san lokacinsa. Wannan kuwa manhaja ce a cikin turken, kuma a 4G sau dubu take sake rabo a daƙiƙa guda. An yanyanka zangon rediyon ne, faɗin kowane yanki kilohaz 180 (kilohaz da megahaz ma'aunin faɗin zango ne), kuma kamfanin da ke da megahaz 20 yana da yanki 100. Kowace waya tana aiko da rahoton ingancin siginar da take samu, lamba daga 0 zuwa 15, sai manhajar ta duba ta ce wannan ta ɗauki yanki kaza yanzu, waccan ta dakata. Ni "gurbi" nake ce wa yankin, aikin kuma "kasafin gurabe".

Malam Bala: MARABI. Daga raba, kamar yadda buɗe ya ba mu mabuɗi, girbe ya ba mu magirbi. Kalma ɗaya tak, Bahaushiya tsantsa.

Usman: Allah ya gafarta malam, a rediyo "maraba" za a ji. Kuma raba tana da fuska biyu, ana raba kaya, ana raba faɗa. Masu aikin ai sikejula suke cewa, a bar shi haka.

Malam Bala: To ga ciwon nan. Sikejula, sigina, kilohaz. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi a ce ya kasa haifar kalma ɗaya? Duk ranar da muka miƙa wuya a ƙaramin abu irin wannan, 'ya'yanmu za su tashi da tunanin Hausa ta hira ce kawai, ilimi sai da Turanci. Wannan yana min ciwo ƙwarai.

Usman: Jadawali da manhaja fa? Daga Larabci muka aro su, ba wanda ya ce an ci mutuncin Hausa.

Malam Bala: Waɗannan sun zauna, sun zama 'yan gida.

Usman: Su ma da baƙunta suka fara.

Hadiza: Malamaina, ina girmama ku, amma Laraba na matsowa. Injiniya, kasafi ba shi da matsalar jadawali? Kasafin kuɗi sau ɗaya ake yi a shekara.

Injiniya Sani: Akwai ƙamshin gaskiya. Na riƙe shi ne don kasafi yana nuna abin da ake rabawa ƙayyadadde ne, kuma nan ne zuciyar maganar. "Albarkatu" kuwa ki jefar, mai sauraro ma'adinai zai tuna.

Inda za ki sha wuya shi ne salon rabon. Na farko, a bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, wannan karɓa-karɓa ne, ba gardama. Aibinsa, wayar da ke can gefe da sigina mai rauni za ta cinye gurabe ta kwashi data kaɗan. Na biyu, a riƙa bai wa mai sigina mafi kyau. Jimillar data za ta ƙaru, amma na nesa sai ya yi ta jira. Na uku shi aka fi amfani da shi: a auna abin da waya za ta iya ɗauka yanzu da matsakaicin abin da ta samu a baya, wadda ta fi rinjaye a wannan awon ita ke samu. Ta haka kowace waya takan samu rabo a lokacin da siginarta ta ɗan gyaru. Frank Kelly na Jami'ar Kambirij ya shimfiɗa lissafin wannan irin adalci a 1997. Ƙungiyar 3GPP mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula ba ta wajabta salo ɗaya ba, kamfanonin da ke ƙera kayan turke irin su Ericsson da Nokia da Huawei kowa da nasa.

Rabi: Na ukun, "rabo daidai wa daida"?

Injiniya Sani: A'a 'yar'uwa, ai ba daidai ake ba su ba. "Daidai gwargwado" ya fi kusa, ko da yake bai ɗauko batun waiwayar baya ba.

Malam Bala: Karɓa-karɓa ta yi, gurbi ma ya yi. Amma "manhajar kaza da kaza" bayani ne, ba suna ba.

Hadiza: Na gode ƙwarai. Zan ce "manhajar rabon gurbi" da "kasafin gurabe" da "karɓa-karɓa". Na ukun zan yi bayaninsa da jimla, ba zan laƙaba masa suna ba tukuna.

Malam Bala: Shi ke nan, don shirin Alhamis na yarda. A darasina dai marabi zan ci gaba da rubutawa.