Ɗan sanda ya rasu ya bar iyali, ta ina za mu fara taimako?

Uwar Biyu: Salam jama'a. Maƙwabcinmu ɗan sanda ne, ya rasu a bakin aiki wata 3 ke nan, ya bar mata da yara 4, har yau haƙƙinsa bai fito ba. Mun ɗan haɗa kuɗi, mu damƙa mata a hannu ko mu bi ta wata ƙungiya?

Tsohon Saja: Allah ya jiƙansa. Hajiya ku fara duba takardu, shaidar mutuwa da sunan magajin da ya rubuta a fayil ɗinsa, don da yawa tun suna samari suka sa sunan uwa ko yayansu, aka yi aure ba a canza ba, nan ake maƙalewa wallahi. Inshorar rai daban, fansho daban, kowanne da fom ɗinsa, a samu mai raka matar ofis.

Malamar Firamare: Ni dai ku biya kuɗin makarantar yaran kai tsaye ku karɓi rasit. Kuɗi a hannu lokacin makoki ba ya kwana.

Ɗan Bariki: Ƙungiya ba laifi in tana da rajista. Amma a bariki suke zaune? In haka ne kuɗin haya za ku fara tanada, don gidan na aiki ne.