Motata mai turbo ta ƙara shan mai: tsufa ne ko wata matsala ce?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawararku a kan motata mai ƙaramin injin fetur, lita 1.4, wanda aka haɗa da turbo. Shekararta 9, kuma ta ci kilomita kusan 160,000. Da na saye ta, lita 7 kan ishe ta kilomita 100, amma yanzu sai ta sha kusan lita 9 a hanya iri ɗaya. Idan na taka totur a hawa nakan ji wani huci daga gaba kamar taya na sacewa, kuma ƙarfinta ya ragu. Bakaniken da na kai wa ya ce turbon ne ya gaji, a sauya shi kawai. Kafin in sa kuɗina a nan, ina so in sani: shin haka injin turbo yake yi idan ya tsufa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, da me ka auna? Idan lambar shan mai da allon gaban direba ke nunawa ka dogara da ita, ka sake gwadawa da hannunka. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta kilomita, ka yi zirga-zirgarka, sannan ka sake cikawa ka raba litar da ta shiga da nisan da ka yi, ka ninka sau 100. Ka maimaita sau 3, ka kuma duba iskar tayoyi, ka tabbatar babu birkin da ke riƙewa.

Mai tambaya: Haka na auna, ranka ya daɗe, har sau 4. Tayoyi da birki lafiya lau suke.

Amsa ta biyu, daga wani tsohon bakanike: To ɗan'uwa, tun da ka auna, ƙarin lita 2 ya wuce abin da za a ɗora wa tsufa. Inji kan ɗan ƙara shan mai a hankali yayin da ringi da bawul ke cinyewa, amma idan ana yi masa sabis a kan lokaci, ƙarin ba ya kai wannan. Hucin da ka ambata shi ya fi jan hankalina.

Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin salansa ke juya ta farko, ta biyu kuma ta danna iska ta cikin tiyo, ta bi ta na'urar sanyaya iska, ta shiga inji. A motoci da yawa akwai sensa kusa da filtar iska wadda ke auna iskar tun kafin ta isa turbo, kuma da wannan awo kwamfutar mota ke yanke yawan man da nozul zai fesa, kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na fetur a bisa nauyi. Idan tiyo ya tsage, iskar da aka riga aka ƙirga sai ta zurare a hanya, mai ya yi wa injin yawa, kai kuma ka ƙara taka totur domin ka ji motar ba ta ja. Asara biyu ke nan. Robar da ta shekara 9 tana shan zafi da tururin baƙin mai takan yi laushi ta kumbura, kuma tsagar kan ɓuya a ƙasan tiyon inda ido ba ya kaiwa, ba ta buɗewa sai an matsa iska. Ka sa hannu ka shafa ƙarƙashinsa idan inji ya huce. In ka ji danshin mai da ƙura ta manne a wuri ɗaya, to ka kusa kama ɓarawon. Gwajin hayaƙi, inda ake hura hayaƙi cikin hanyar iska a ga ta inda zai fito, shi zai raba gardama.

Daga nan a jona na'urar bincike. Idan ta nuna lambar matsala P0299, hakan na nufin matsin iskar turbo bai kai yadda ake so ba, amma ba ta ce turbon ne ya mutu ba, domin tiyo da ya tsage ko ƙofar da ke rage wa turbo hayaƙi idan ta daina rufewa sosai duk suna kawo ta. A duba fulogi, domin matsin da ke cikin injin turbo ya fi wahalar da shi, da sensar iskar oksijin da ke salansa, wadda kan yi sanyin jiki da shekaru, da kuma tamostat, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, wanda idan ya maƙale a buɗe injin ba zai yi ɗumin da ya kamata ba, kwamfuta ta yi ta ƙara masa mai.

Amsa ta uku: Na yarda da Baba, sai dai a nawa ganin akwai abin da ba a faɗa ba. Ƙaramin injin turbo yana tsimin mai ne muddin ƙafarka na da sauƙi. Da zarar ka danne totur, zafin hayaƙi kan haura digiri 900, kuma injuna da yawa kan ƙara fesa fetur da gangan domin su sanyaya kansu. Haka nan idan fetur bai kai ingancin da kamfani ya gindaya ba, kwamfuta kan jinkirta tartsatsin fulogi don kare fistin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Idan injinka irin wanda ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne, to dauɗar gawayi kan taru a bayan bawul ɗin shigar iska, tun da fetur ba ya bi ta kansu ya wanke su.

Amsa ta huɗu: Yallaɓai, turbon da ya gaji da gaske yana da alamunsa: shuɗin hayaƙi, raguwar baƙin mai tsakanin juye da juye, da kuka mai kama da jiniya. Sandarsa kan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan siririn baƙin mai, saboda haka jinkirin juye ke kashe shi, da kashe inji nan take bayan doguwar tafiya mai zafi. Ka sa a cire tiyon da ke kai wa turbo iska a taɓa fankar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma idan tana gogar jikin gidanta ko tana shiga da fita, magana ta ƙare. Ni na taɓa sauya turbo a kan zato, kwana biyu matsalar ta dawo.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An yi gwajin hayaƙin jiya, sai ga shi yana fita ta wata tsaga mai tsawon ɗan yatsa a ƙasan tiyon da ke barin na'urar sanyaya iska. An sauya shi tare da fulogi, hucin ya ɗauke, fankar turbon kuma ba ta gogar komai. Babu shuɗin hayaƙi. Sai dai allurar zafi har yanzu ba ta kai tsakiya idan ina kan babbar hanya, don haka tamostat za mu buɗe mako mai zuwa, sannan in sake cika tanki in auna.