Don Allah malaman labarin ƙasa, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a Tudun Wada. Makon gobe zan shiga darasin gudanar ruwan teku da 'yan aji biyu, yara 64, yawancinsu Kogin Kaduna ne iyakar ruwan da suka sani. Bara na zana kibiyoyi ja da shuɗi a allo, suka haddace, da na tambayi me ya sa gudanar ruwan Benguela, mai bin gaɓar kudu maso yammacin Afirka, ke da sanyi sai aka yi tsit. Ƙanena da ke karatu a Zariya ya nuna mini shafin intanet na Nullschool, mai taswirar gudanar ruwan teku, wallahi ranar na kasa barci: kana juya duniya da yatsa, ruwa na tafiya a gabanka, ka taɓa wuri ya ba ka saurinsa. Mai makaranta ya ce ba kuɗin man janareta, majigin ma sai an rubuta takarda. Waya ɗaya gare ni. Ya zan yi?

Baban Khalifa: Malama, tun kina firamare nake wannan aiki. WAEC ba ta tambayar shafi. Su san gudanar ruwan Canary da Benguela masu sanyi ne, Guinea da Gulf Stream masu ɗumi, iska da juyawar duniya da bambancin zafi da gishiri ke tafiyar da su. Shi ke nan.

Maman Ilham: Ki ɗauki bidiyon fuskar wayar a gida, ki nuna musu rukuni-rukuni, ba sai da data ba. Mu ɗakin kwamfutarmu a kulle yake tun da aka kawo kayan, makulli na aljihun mutum ɗaya, sai baƙi sun zo ake buɗewa.

Mai tambaya: Na gode Anti, amma bidiyo kallo ne kawai. So nake yarinya ta ja taswirar da hannunta, ta bi ruwan Benguela daga kudu, ta ga ya bi gefen Namibiya, sannan ta gane dalilin hamadar Namib a bakin teku.

Baban Khalifa: Yara 64 a kan waya ɗaya cikin minti 40? Za a fasa miki ita, kuma ba mai biyan ki.

Malamin Rigasa: Ni na saɓa da Baba. Ki fara daga gida, Tekun Gini, inda iskar da ke kawo mana damina take ɗebo laima. Ki ba su aikin gida su duba a wayar iyaye. Ko da yake mu albashin watan jiya ma shiru, da me za a sayi datar?

Mai tambaya: Iyayen ba duka ke da babbar waya ba. Kuma Baba, ban ce zan bar allo ba.

Baban Khalifa: To me kike tambaya?

Mai tambaya: Akwai mai majigin da zai ara mini ranar Talata?