Tikitin Bob Dylan: waƙa ake saya ko suna?

Baban Khalifa: Salamu alaikum jama'a. Kawu ya yi mini afuwa tunda shi ya je wasan Landan, amma maganata ɗaya ce: duk wanda ya cire kuɗi ya sayi tikitin Bob Dylan, mawaƙin nan na Amurka, a yau, suna ya saya, ba waƙa ba. An haifi mutumin nan a 1941. Lokacin da ya yi wasa dare uku a zauren Royal Albert Hall da ke Landan a Nuwamban 2024, shekarunsa 83. Murya ta dushe, tsofaffin waƙoƙinsa ya sauya musu kari har ba a gane su, sannan tun a bakin ƙofa a kulle maka wayarka. To me aka je yi?

Kawu na Landan: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka je ne ko labari ka ji?

Baban Khalifa: Kawu, ai ba sai na je ba. Abin da masu zuwa ke faɗa ke nan shekara da shekaru.

Kawu na Landan: To bari wanda ya zauna a ciki ya gaya maka. Wayar ba karɓe ta ake yi ba. Wata 'yar jaka ake ba ka, ka saka, a danne bakinta, tana aljihunka har a tashi. Dandali ba wani haske, ba manyan allunan nan da ke nuna fuskar mawaƙi. Ya fito ya tsaya bayan piyano, makaɗansa sun kewaye shi, idonsu a kan hannunsa don ba su da tabbacin inda zai karya. Mai jitar bes ɗinsa, Tony Garnier, tun 1989 yake tare da shi, amma shi ma yana kallonsa kamar ranar ya fara aiki. Wata tsohuwar waƙa sai da ya kai baiti na biyu na gane ta, kuma na ji wata Baturiya a gefena ta ja numfashi a daidai lokacin. Da ya ɗauki harmonika ya busa kuwa, wuri ya ɗauki tafi. Wannan ba a faifai yake ba.

Maman Ilham: Kawu, ni batun wayar ne ya tsaya mini. Na biya tikiti, na biya jirgin ƙasa, ko hoto ɗaya ba zan nuna wa yara ba? Kuma mai jego ta yi yaya idan aka neme ta daga gida?

Kawu na Landan: Akwai wurin da za ki fita a buɗe miki ki duba, 'yata. Ni dai na ji daɗin ganin mawaƙi, ba bayan wayar wanda ke gabana ba.

Malam Mai Adabi: Baban Khalifa, ƙorafin nan naka ya girme ka. A Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport a Amurka, Dylan ya hau dandali da jitar lantarki da cikakkun makaɗa, alhali an saba ganinsa shi kaɗai da jitar katako. Wasu suka yi masa ihu. A Mayun 1966 a Manchesta wani ya daka masa tsawa daga cikin taro, ya kira shi Yahuza, wato maci amana. A lokacin bai cika 25 ba, muryarsa garau. Ashe sauya waƙa ba tsufa ya kawo masa ba, halinsa ne tun asali. Abin dariya ma, faifan wasan Manchesta ya daɗe yana yawo a hannun mutane da sunan wai a Royal Albert Hall aka yi shi.

Baban Khalifa: Malam, halin yaro mai ƙarfi daban, na tsoho daban. Mawaƙiya Joan Baez sa'arsa ce, ita ma 1941, tare suka yi tashe. A 2019 ta kammala zagayen bankwana ta sauka da mutuncinta. Shi me ya rage bai samu ba? Ya ci Nobel na adabi a 2016, ya sayar wa kamfanin waƙoƙi na Universal haƙƙin waƙoƙinsa a 2020. Ya huta mana.

Malam Mai Adabi: Ka ba ni hujja da bakinka. Wanda ba ya neman kuɗi ba ya neman suna, amma tun 1988 yake kan hanya, wasanni sama da 3,000, ai sai ka ce sana'ar ce ke riƙe da shi. Kuma ba tsohon tuwo yake ɗumamawa ba. Kusan rabin abin da ya rera a zagayen wasanninsa na 2024 daga kundinsa na 2020 ne. Mai sayar da suna tsofaffin zai jera a yi ta amshi.

Yaya Hadiza: Ni mamakin ku nake. Mu da muka tashi da Shata? Bakandamiya kala nawa ce a kaset? Duk inda ya yi ta sai ya ƙara ya rage, ba wanda ya taɓa cewa a mayar masa da kuɗinsa.

Baban Khalifa: Yaya, a nan fa ba ki yi mini adalci ba. Shata baiti yake sauyawa, kalangu da amshi suna nan, daga bugun farko kin san waƙar. Kuma yana kallon jama'a, ya kira sunan wannan, ya zolayi wancan, kowace kalma tana fita tar. Dylan kalmomin yake bari ya sauya kiɗan, ga Turancin a cikin maƙogwaro, kuma da wuya ya ce wa masu kallo ko sannu. Wanda bai haddace baitocin ba me zai kama?

Yaya Hadiza: Wannan kam ka faɗi gaskiya. Wanda bai san waƙoƙin ba ba zan tura shi ba.

Auta: Ni tambaya gare ni. Mutumin da aka ba Nobel ya yi shiru kusan mako biyu, bikin ma bai je ba sai mawaƙiya Patti Smith ce ta yi waƙa a madadinsa, shi kuke jira ya gaishe ku?

Maman Ilham: Auta ka kashe ni da dariya.

Kawu na Landan: Ɗana, na yarda muryar ba ta 1966 ba ce, kuma akwai inda ban ji abin da ya ce ba. Amma ya san inda zai ajiye kowace kalma, ya ja ta, ya sake ta a makare. Idan ya sake zuwa Ingila ni zan saya maka tikitin, ka zo mu zauna tare.

Baban Khalifa: Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Amma kuɗin jirgin ƙasa ma a kanka, kuma idan waƙa uku suka wuce ban gane ko ɗaya ba, kai za ka sayi abincin dare.

Maman Ilham: Ku kira ni kafin ku shiga, tunda in kun shiga ba a samun ku.